Tambayoyin Masu Karatu: Me Ake Nufi Idan Aka Ce Ma'aikaci Yana “Going Through the Motions”?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin gwamnati ne, kuma a ƙarshen shekarar da ta gabata shugaban sashenmu ya cika mini takardar auna ƙwazon ma'aikaci, inda ya rubuta cewa, “He is punctual, but he merely goes through the motions.” Rabin farko na fahimce shi, wato ba na makara. Rabi na biyun ne ya ɗaure mini kai, domin ni a iya sanina “motion” shi ne ƙudurin da 'yan majalisa ke gabatarwa, ni kuwa babu abin da ya haɗa aikina da majalisa. Wani abokin aikina ya ce yabo ne, wai ana nufin ina bin ƙa'ida daki-daki, wani kuma ya ce zagi ne a fakaice. Don Allah a warware mini, sannan a ba ni shawarar yadda zan tunkari maganar. Daga wani ma'aikaci a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Abokinka na biyu ya fi kusa da gaskiya, ko da yake kiran maganar zagi ya yi tsauri, domin suka ce irin wadda shugaba yake da hurumin yi wa na ƙasa da shi a rubuce. Idan Bature ya ce mutum yana “going through the motions”, abin da yake nufi shi ne mutumin yana yin duk abin da aka tsara a yi, bai tsallake ko mataki ɗaya ba, amma hankalinsa da zuciyarsa ba su cikin aikin, bai damu da ko aikin ya haifar da ɗa mai ido ko bai haifar ba. Shugabanka ya yarda kana zuwa a kan lokaci, kuma bai ce ka ƙi yin abin da aka sa ka ba. Ƙorafinsa shi ne yana ganin hannunka ne kawai ke aikin. Kalmomi biyu a cikin jimlar tasa sun isa su nuna maka inda ta dosa tun kafin ka san ma'anar salon maganar: “but” da ya sa bayan yabon, wadda ke nuna cewa abin da zai biyo baya kishiyar yabo ne, da kuma “merely”, wadda ke nufin “kawai” ko “iyakarta ke nan”.

Bari in kwatanta maka da abin da kowa ya saba gani a ofis. Akawu ya iso ƙarfe takwas, ya sa hannu a littafin zuwa aiki, ya zauna. Aka kawo masa fayil ɗin wata mata da mijinta ya rasu, tana neman haƙƙoƙinsa. Ya buɗe, ya buga hatimi, ya rubuta kwanan wata, ya rubuta layi ɗaya yana miƙa wa na gaba da shi, ya ba masinja. Duk abin da ƙa'ida ta ce ya yi ya yi shi. Amma da ya tsaya ya karanta na minti biyu, da ya ga babu takardar shaidar mutuwa a ciki, da ya faɗa wa matar tun tana tsaye a bakin ƙofa, da bai bari fayil ɗin ya yi wata uku yana yawo daga tebur zuwa tebur sannan ya dawo a ce mata ta sake sabon lale ba. Idan aka tuhumi akawun nan zai ce a nuna masa dokar da ya karya, kuma da wuya a samu. Irin wannan aikin ne salon maganar yake siffantawa, shi ya sa yake da nauyi a takardar auna ma'aikaci, domin yana kama abin da littafin zuwa aiki ba ya iya kamawa.

Game da ƙudurin majalisa kuwa, ba ka yi kuskure ba, “motion” tana da wannan ma'anar, kamar yadda take nufin buƙatar da lauya ke shigarwa gaban alƙali. Sai dai asalin ma'anarta shi ne motsi, daga Latin ta shigo Turanci ta hanyar Faransanci, kuma a wannan salon maganar motsin jiki ake nufi. Tarihin abin yana komawa ne barikin soja. A zamanin da sojojin Ingila ke riƙe da bindiga mai ƙanƙara, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki kamar bindigogin da 'yan bindigar sarki ke bugawa a hawan salla, harbi ɗaya yana buƙatar jerin ayyuka masu yawa. Soja zai ciro ƙunshin takarda mai albarushi da dalma daga jakarsa, ya yage bakinsa da haƙori, ya zuba kaɗan a ɗan kaskon da ke gefen ƙanƙarar, ya rufe, ya juye sauran a bakin bindiga, ya zaro sandar ƙarfe ya danna, ya mayar da ita mazauninta, sannan ya ɗaga ya auna. Littafin atisayen sojan Ingila na shekarar 1764 ya rarraba kowane umarni zuwa motsi ƙidayayyu, wani umarnin motsi ɗaya ne, wani biyu, wani uku, kuma kowane ɗaya daga cikinsu “motion” ake kiransa. Kurata sukan yi ta maimaita waɗannan motsin a filin fareti, sau da yawa ba tare da albarushi a cikin bindigar ba, har hannu ya haddace, ya riƙa yi ko da hankali yana wani wuri. Wanda ya tsaya daga nesa zai ga duk siffar harbi, amma babu abin da ya fita daga bakin bindiga.

Akwai shaida mai kyau a kan wannan asalin. A shekarar 1816 marubucin nan ɗan ƙasar Sikotilan, Walter Scott, ya fitar da littafinsa *Old Mortality*, kuma a cikinsa akwai wata 'yar aiki da ta rufe fuskarta da hankici tana shessheƙa. Marubucin ya ce ko dai kukan gaske take yi, ko kuma, kamar yadda wani soja da ke cikin labarin zai faɗa, ta ƙware wajen “go through the motions”. Jingina maganar da ya yi ga bakin soja yana nuna cewa masu karatun wancan lokaci sun san ta a matsayin maganar 'yan bariki, kuma tun a lokacin ta fara fita daga filin fareti tana shiga harkokin yau da kullum. Har yanzu ƙamusoshi suna kawo waccan tsohuwar ma'anar ta kwaikwayon motsi, kamar a ce mai koyar da tuƙi ya nuna wa ɗalibinsa yadda ake canza giya alhali motar a kashe take. Amma ma'anar da ta rinjaya a yau ita ce wadda shugabanka ya yi amfani da ita.

Ta fuskar nahawu, salon maganar yana da siffa ɗaya da ba a taɓa ta. Dole a sa “the”, kuma dole “motions” ta zo a jam'i. Wanda ya rubuta “go through the motion” ko “go through motions” ko “pass through the motions” ya karya ta, kuma ana yawan ganin irin wannan a rubuce-rubucen ofis. Abin da ke canzawa shi ne aikatau “go”, gwargwadon lokaci da mai aikatawa: “goes”, “went”, “has gone”, “is going”. Idan ana son a ambaci aikin da aka yi wa wannan riƙon, sai a ƙara “of” a biyo da aikatau mai ƙarewa da “-ing”, kamar a ce “He went through the motions of apologising”, wato ya furta kalmomin ban haƙuri amma kowa ya ga ba su kai zuci ba. Galibi kuma za ka tarar da “just” ko “merely” ko “simply” ko “only” a gabanta. Ina jin abin da ya rikita abokinka na farko shi ne “go through” ita kaɗai tana nufin a bi abu a duba shi sosai, kamar “go through the file”, sannan akwai “go through the proper channels”, wato a bi ta hanyoyin da suka dace. Da yabon bin ƙa'ida shugabanka yake nufi, da sai ya ce “he follows due process” ko “he is thorough”.

Wani abu da nake so ka riƙe shi ne cewa wannan maganar ba kullum take zama zargi ba, ya danganta da bakin da ta fito da kuma wanda aka faɗa a kansa. Idan aka ce game da matar da ta rasa ɗanta, “For months she just went through the motions”, babu suka ko kaɗan a ciki, tausayi ne: tana tashi, tana girki, tana amsa gaisuwa, amma gangar jiki ce kawai ke yawo a gidan. Haka nan idan malamin asibiti ko malamin makaranta ya faɗa da bakinsa cewa “I feel I am just going through the motions”, kuka yake yi da gajiyar da ta cinye masa sha'awar aikin da a da yake ƙauna. Masu sharhin ƙwallon ƙafa kuma suna faɗin ta a kan ƙungiyar da ta riga ta ɗauki kofi ko ta riga ta faɗi daga rukuni, ta fito wasannin ƙarshe don kawai jadawali ya cika. Amma idan shugaba ya rubuta ta a takardar da za ta shiga fayil ɗin ma'aikaci, to suka ce, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba, tunda irin wannan takardar ake dubawa idan lokacin ƙarin girma ya zo.

Shawarata ita ce kada ka mayar da martani a rubuce cikin fushi. Ka nemi ganinsa a lokacin da ba shi da baƙi, ka gode masa a kan abin da ya yaba, sannan ka roƙe shi ya ba ka misali ɗaya ko biyu na inda ya ga ka gaza. Idan da Turanci kuke magana, kana iya cewa, “Sir, I would be grateful if you could show me the areas where you expect more initiative from me.” Amfanin neman misali shi ne zai mayar da maganar daga hukunci a kan zuciyarka, wadda babu wanda ya gani, zuwa wani aiki takamaimai da za a iya gyarawa. Idan ya kawo misali mai ƙarfi, ka ƙaru. Idan kuma ya kasa kawowa, ka samu hujjar roƙonsa cikin ladabi ya sake duba abin da ya rubuta. Kafin ka je kuma yana da kyau ka yi wa kanka adalci, ka tambayi kanka yaushe rabon da ka bi sawun wani fayil don ka ga inda ya ƙare, ko ka kawo shawarar da ba a tambaye ka ba. Na san akwai dalilai na gaske da ke kashe wa ma'aikaci gwiwa, irin su jinkirin albashi, da daɗewa a mataki ɗaya, da ganin wanda bai kai ka ƙoƙari ba ya wuce ka, kuma ba na raina ko ɗaya daga cikinsu. Idan ɗayansu ne ya same ka, ganawar nan ita ce wurin da ya dace ka faɗe shi, domin mai yiwuwa shugaban naka sakamakon yake gani bai san sababin ba.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina shirin rubuta jarrabawar WAEC, kuma a ɓangaren da ake ba da jimla a ce a zaɓi fassarar da ta fi dacewa ina yawan rikicewa tsakanin “half-hearted”, da “pay lip service”, da “cut corners”, da “eye service” da muke ji kullum a bakin mutane. A wurina duk abu ɗaya suke nufi, wato rashin yin aiki da kyau. Shin akwai bambanci? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Akwai bambanci, 'yata, kuma a kan wannan bambancin masu tsara tambayoyin suke ɗana tarkonsu, domin sukan jera amsoshi huɗu da duk suka yi kama da juna. Hanyar da za ki bi ki rarrabe su ita ce ki tambayi kanki abu biyu a kan kowace jimla: shin an yi aikin ko ba a yi ba, kuma mene ne ya ɓace a cikinsa?

“Half-hearted” ita ce uwa a cikinsu, kuma siffa ce, ana jingina ta ga suna: “a half-hearted attempt”, “a half-hearted apology”. Tana nufin an taɓa aikin amma ba da zuciya ɗaya ba, da sanyin jiki, kamar mai jiran a ce masa ya bari. Idan za ki siffanta yadda aka yi aikin sai ki ce “half-heartedly”, kishiyarta kuma “wholehearted”. Bambancinta da salon maganar da muka yi bayani a sama siriri ne amma yana nan. Mai yunƙurin “half-hearted” yana da ɗan guntun niyya, kuma sau da yawa ba ya kai aikin ƙarshe. Mai “going through the motions” kuwa yakan kai aikin har ƙarshe, ya cika kowace siffa tasa, niyyar ce babu ita gaba ɗaya.

“Pay lip service” ta fi kowacce sauƙi a wurin Bahaushe, domin muna da takwararta daidai wa daida, wato abu ya tsaya a fatar baki. A nan ba a ma fara aikin ba, magana ce kawai. Ana biyo ta da “to”: “They pay lip service to girls' education”, wato suna ta faɗin muhimmancin karatun 'ya'ya mata a wurin taro, amma idan aka zo kasafin kuɗi ba a ga komai ba. Masana Turanci suna danganta ta da wata aya ta Littafi Mai Tsarki na Kirista, a littafin Ishaya sura ta 29 aya ta 13, wadda ke maganar mutanen da ke girmamawa da leɓunansu alhali zukatansu suna nesa. Saboda haka idan kika ga jimla tana nuna alkawari ko goyon baya da baki ba tare da aiki ba, wannan ce amsarki.

“Cut corners” kuma wata aba ce daban, domin ita tana magana ne a kan tsallake matakai don a rage kuɗi ko lokaci. Ɗan kwangilar da ya rage siminti a cikin kwaɓi, ko ya sa rodi sirara inda aka ce a sa masu kauri, shi ne ya yi “cutting corners”, kuma mu ha'inci muke kiran wannan. Ki lura cewa mai ha'inci yana iya kasancewa mai himma ƙwarai, hankalinsa duk yana wurin, sai dai ribarsa yake yi wa himmar. Don haka kuskure ne a fassara ta da kasala.

“Eye service” tana da labari mai ban sha'awa. Mutane da yawa suna ɗaukar ta Turancin Nijeriya ne tsantsa saboda yadda ta zauna a bakin jama'a a nan, alhali tana cikin fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James ta shekarar 1611, a wasiƙar Afisawa sura ta 6 aya ta 6 da ta Kolosiyawa sura ta 3 aya ta 22, inda ake gargaɗi a kan yin aiki don idon maigida kawai. A Ingila da Amurka ta tsufa, da wuya ki ji ta a hirar yau da kullum, amma a ƙasar nan tana nan da ranta. Ma'anarta ita ce aikin ganin ido: a zage damtse idan shugaba yana kallo, a saki jiki idan ya juya baya. Mai aikin ganin ido yana da wanda yake son burgewa, shi kuwa akawun da na kwatanta a amsar farko ba ya neman burge kowa, ko ana kallonsa ko ba a kallonsa haka yake yi. A rubutun jarrabawa ina ba ki shawarar ki yi taka-tsantsan da ita, ki bayyana abin da kike nufi da cikakkiyar jimla, kamar “He works hard only when he is being watched.”

Akwai guda biyu da ba ki ambata ba amma za ki iya cin karo da su. “Drag one's feet” ita ce jan ƙafa, wato jinkirta abu da gangan saboda ba a son yin sa. “A lick and a promise” kuwa tsohuwar magana ce da aka fi faɗa a kan wanka ko shara ko goge-goge da aka yi sama-sama cikin gaggawa, da nufin a dawo a yi da kyau daga baya. Ita ba ta da zafi sosai, domin mai yin ta ya san bai gama ba, kuma bai yi da'awar ya gama ba.

Tambaya: Malam, ina taimakawa wajen fassara labarai zuwa Hausa, kuma Faransanci na fara koya kafin Turanci. Na ci karo da jimlar “The panel only went through the motions of interviewing the candidates.” Na rubuta cewa kwamitin ya bi ta cikin motsin ganawa da masu neman aikin, amma da na karanta da ƙarfi sai na ji ba Hausa ba ce. Yaya ya kamata in faɗe ta? Daga wani mai fassara a Damagaram.

Amsa: Kunnenka ya faɗa maka gaskiya, Malam, domin babu mai sauraron da zai ji “bi ta cikin motsi” ya gane cewa an riga an zaɓi wanda za a ba aikin tun kafin a kira kowa, kuma wannan shi ne ainihin labarin da jimlar ke ɗauke da shi. Tunda ka san Faransanci, “pour la forme” ita ce mafi kusa da ita a wannan gurbin. Da Hausa kuwa ina ganin abin da ya fi dacewa shi ne ka ce kwamitin ya yi ganawar jeka-na-yi-ka da masu neman aikin, ko kuma ka ce ya gana da su ne don dai a ce an yi. Jeka-na-yi-ka ta dace da duk abin da ke da suna da siffa amma ba shi da tasiri, kamar zaɓe ko bincike ko kwamiti ko muƙami, shi ya sa ta zauna daram a nan.

Sai dai kada ka mayar da ita fassara ta dindindin, domin salon maganar Turancin ya fi ta faɗi. Idan mutum ɗaya ne ya je gaisuwa ko biki ba don yana so ba, Hausar ita ce ya je ne don ya fita kunya. Idan ban haƙuri ne ko godiya, sai ka ce bai kai zuci ba. Idan ma'aikaci ne da sha'awar aiki ta fita daga ransa, ka ce yana yi ne kawai ba don ransa yana so ba, ko yana yi ne don kada a ce bai yi ba. Idan kuma mai baƙin ciki ne ake siffantawa, duk waɗannan ba su dace ba, domin za su ɗora masa laifin da marubucin Turancin bai ɗora masa ba. A nan sai ka ce jikinta ne kawai ke aikin, hankalinta ba ya tare da ita. Ka guji “sauke nauyi” a duk waɗannan wuraren, domin a kunnen Bahaushe wanda ya sauke nauyin da aka ɗora masa ya cancanci yabo, sai fassarar ta juye ta koma kishiyar abin da aka rubuta.

Tunda labarai kake fassarawa, za ka haɗu da 'yan uwanta biyu daga Amurka. “Phone it in” ana faɗin ta ne a kan ɗan wasan kwaikwayo ko mawaƙi ko ɗan ƙwallo da aka san ya iya, amma ya fito ya yi abin da bai kai rabin iyawarsa ba, kamar wanda bai ga dalilin zuwa da kansa ba ya aiko da aikin ta waya. Babu wata waya ta gaske a cikin maganar, don haka kada kalmar waya ta shiga fassararka. Ta biyun ita ce “quiet quitting”, wadda ta bazu a shekarar 2022 ta hanyar TikTok, kuma duk da kalmar “quitting” da ke ciki ba ajiye aiki ake nufi ba. Ana nufin ma'aikaci ya yanke shawarar tsayawa a kan iyakar abin da aka ɗauke shi ya yi, ba zai ƙara ko minti ɗaya bayan tashi ba, ba zai ɗauki abin da ba ya cikin yarjejeniyarsa ba. Masu kare ta suna cewa kiyaye haƙƙin kai ne, masu sukarta kuma suna cewa tsohon halin nan ne aka sake wa suna. A labari, inda ba a son mai fassara ya ɗauki ɓangare, ya fi kyau ka bayyana ta da cewa ma'aikata suna taƙaita ƙoƙarinsu ga abin da ya wajaba a kansu kawai, ka bar jeka-na-yi-ka da aikin ganin ido ga wuraren da marubucin asali da kansa ya nuna suka.